Yadda ƙananan kamfanonin waƙa na Ingila suka sauya kiɗan duniya, suka kuma karye

A ranar 15 ga watan Yunin 1979 wani faifan waƙoƙi ya fito a birnin Manchester da ke arewacin Ingila. Bangonsa baƙi ne wuluk. Babu hoton mawaƙan, babu sunansu a gaba, babu ma sunan kundin, sai wasu fararen layuka a tsakiya da suka hau kan juna kamar jerin tsaunuka.

Kwafi 10,000 aka buga da farko. Kamfanin da ya fitar da shi ba shi da ofis, a gidan ɗaya daga cikin masu kamfanin ake gudanar da komai.

Fiye da shekara 40 bayan nan, waɗannan layuka suna jikin riguna da jakunkuna a manyan kantunan duniya, kuma da yawa daga masu sanya su ba su taɓa jin waƙa ko ɗaya daga ciki ba. Sunan kundin Unknown Pleasures, mawaƙan kuma Joy Division. Shi kuwa kamfanin, Factory Records, tun 1992 ya durƙushe da bashi a wuya.

Kusan haka labarin yake ga yawancin kundayen da Turawa ke kira na ƙarƙashin ƙasa, wato waɗanda manyan kamfanoni da gidajen rediyo ba su kula su ba lokacin da suka fito. Daga cikinsu ne aka samu nau'o'in kiɗan da yanzu ake kira goth da industrial da indie, da kuma wani babban reshe na kiɗan na'ura. Waɗanda suka ɗauki nauyin buga su sun bai wa mawaƙa 'yancin da ba a saba gani ba, kuma wannan 'yancin na cikin abin da ya ci wasunsu.

Mutum 40 a zaure

Masu bin tarihin wannan kiɗa sukan fara ne daga daren 4 ga Yunin 1976, lokacin da ƙungiyar Sex Pistols ta Landan ta yi wasa a wani ƙaramin zaure mai suna Lesser Free Trade Hall a Manchester. Kimanin mutum 40 ne suka halarta.

Abin da suka gani shi ne samari huɗu da ba su gama ƙwarewa a kayan kiɗa ba amma suna tsaye a dandali babu kunya babu tsoro. Washegari ɗaya daga cikin 'yan kallon, Peter Hook, ya ranci fam 35 a wurin mahaifiyarsa ya sayo jita. Shi da abokinsa Bernard Sumner ne suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Joy Division.

Ɗaliban da suka shirya wasan, Howard Devoto da Pete Shelley, su ma suna da tasu ƙungiyar, Buzzcocks. A wancan zamani, mawaƙin da ke son ganin waƙarsa a faifai sai ya tafi Landan ya yi ta zarya a ƙofar EMI ko CBS ko Polydor. In an ɗauke shi, kamfani ne zai mallaki ainihin sautin da aka naɗa, shi kuma a ba shi ɗan kaso.

Buzzcocks ba su bi wannan layi ba. Sun haɗa kusan fam 500 daga 'yan uwa da abokai, suka naɗi waƙoƙi huɗu, suka buga kwafi 1,000 a ƙarƙashin kamfanin da suka ƙirƙira da kansu, New Hormones. Faifan mai suna Spiral Scratch ya fito a Janairun 1977, kuma a ƙarshe an sayar da kusan kwafi 16,000.

Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne a ma'aunin manyan kamfanoni. Amma matasa a Sheffield da Leeds da Glasgow sun fahimci cewa ashe ma'aikatar buga faifai ba ta tambayar ko kai wane ne, kuɗinka kawai take so.

Garuruwan da injuna suka yi shiru

Manchester da masu kallon ƙwallo suka sani a yau ba ita ce ta 1979 ba. Masaƙun audugar da suka gina birnin sun rufe ɗaya bayan ɗaya, tashar jiragen ruwanta ma an rufe ta a 1982. A Sheffield kamfanonin ƙarfe suna sallamar ma'aikata. Margaret Thatcher ta hau mulki a Mayun 1979, kuma zuwa Janairun 1982 yawan marasa aikin yi a Birtaniya ya haura miliyan uku.

Wannan hali ya bar wa matasa abubuwa biyu a wadace: lokaci, da tsofaffin gine-ginen da babu mai so, inda za a iya yin ƙara har tsakar dare babu maƙwabcin da zai kawo ƙara.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan yanayi su mayar da shi sauti su ne Throbbing Gristle, mutum huɗu da suka tare a unguwar Hackney ta Landan, wasunsu sun taso ne daga wata ƙungiyar masu wasan fasaha a garin Hull. Ɗaya daga cikinsu, Chris Carter, shi ke harhaɗa musu na'urori da hannunsa. Suna cuɗa gurnanin inji da muryoyin da suka naɗo da ƙarar da ke sa haƙora tsami. A 1976 wani ɗan majalisar dokoki na jam'iyyar Conservative, Nicholas Fairbairn, ya kira su masu rusa wayewa bayan wani baje-koli da suka yi a Landan.

Kamfanin da suka kafa sun sa masa suna Industrial Records, kuma daga nan sunan nau'in kiɗan ya samo asali. Kundinsu na farko, The Second Annual Report, ya fito a 1977 da kwafi 785. Gaskiyar magana, ba kundi ba ne da mutum zai kunna yana hutawa, kuma akwai wuraren da neman tayar da hankalin mai saurare ya rinjayi kiɗan. Duk da haka, hanyar da suka buɗe ita ce ƙungiyar Nine Inch Nails ta Amurka ta bi har ta sayar da miliyoyin faifai a shekarun 1990.

A Sheffield, Cabaret Voltaire sun fara ne tun 1973 da yanka tef da liƙa shi a ɗakin saman gidan su ɗaya daga cikinsu, Chris Watson. Shi Watson daga baya ya bar waƙa ya koma naɗar kukan tsuntsaye da namun daji, har ya yi aiki a shirye-shiryen David Attenborough.

A Berlin ta Yamma abin ya fi haka tsanani. Ƙungiyar Einstürzende Neubauten, wadda sunanta ke nufin sababbin gine-gine masu ruguzowa, ta kafu a 1980. Makaɗinta ya sayar da gangunansa saboda rashin kuɗi, ya koma dukan ƙarafan da aka tsinto a bola da wuraren gini. Kundinsu na 1981, Kollaps, cike yake da ƙarar guduma da na'urar huda bango.

Makonni uku a Stockport

Factory Records ta fara ne a 1978. Jagoranta Tony Wilson ma'aikacin gidan talabijin na Granada ne, mai baki da son a san da shi, kuma da gadon da mahaifiyarsa ta bar masa ya biya kuɗin faifan farko na kamfanin. Tare da shi akwai Alan Erasmus, da mai zane Peter Saville, da mai haɗa sauti Martin Hannett, wanda shi ne dama ya naɗi Spiral Scratch, sai kuma Rob Gretton, manajan Joy Division.

An naɗi Unknown Pleasures a situdiyon Strawberry da ke Stockport a Afrilun 1979, cikin ƙarshen mako uku, domin 'yan ƙungiyar duk suna da aikin yi a ranakun mako. Mawaƙinsu Ian Curtis ma'aikacin gwamnati ne a ofishin samar da aiki na garin Macclesfield, inda yake taimaka wa masu buƙata ta musamman.

A dandali Joy Division ƙungiya ce mai zafi da sauri. Hannett ya sanyaya su. Ya sa makaɗi Stephen Morris ya rarraba gangunansa ana naɗar kowace ita kaɗai, don kada sautin ɗaya ya shiga na ɗaya. Ya ja jita baya, ya bar sarari mai yawa tsakanin sautuka, ya cusa ƙarar fashewar gilashi da ta ƙofar lif. Sakamakon shi ne kiɗa mai kama da tafiya cikin kangon masana'anta da dare.

Hook da Sumner sun tsani abin da suka ji da farko, suna ganin an zare wa waƙoƙinsu laka. Da a babban kamfani ne, da wuya a bar kundin farko na wasu samari da ba a sani ba ya fito a haka, ba tare da waƙar da rediyo za ta ɗauka ba, ba kuma tare da suna a bango ba. A Factory babu wanda aikinsa shi ne ya ce a'a.

Hoton bangon kuwa daga wani kundin ilmin taurari na Cambridge aka samo shi. Zanen siginar rediyo ne daga wani tauraro mai juyawa da ake kira CP 1919, irinsa na farko da aka gano, wanda ɗaliba Jocelyn Bell ta fara lura da shi a 1967. A littafin baƙi ne a kan fari, Saville ya juya shi.

A daidai wannan lokaci Curtis yana fama da farfaɗiya, wadda likitoci suka tabbatar masa a farkon 1979. Fitilun dandali da rashin barci suna tayar masa da ita, wani lokaci ya faɗi ana tsakar wasa, 'yan kallo kuma su ɗauka salon rawa ne. Aurensa ma ya shiga tangal-tangal. A ranar 18 ga Mayun 1980, ana dab da tafiyarsu ta farko Amurka, ya kashe kansa yana da shekara 23. Abokan aikinsa sun sha faɗa daga baya cewa ba su saurari abin da yake faɗa a waƙoƙin da kyau ba sai bayan rasuwarsa.

Kundinsu na biyu, Closer, ya fito bayan wata biyu. Sauran ukun suka ci gaba da sabon suna, New Order.

Masu baƙaƙen kaya

Kalmar goth ta samo asali ne daga sunan da Turawa ke kiran salon ginin tsofaffin coci-coci da kuma labaran ban tsoro na ƙarni na 18 da na 19. An taɓa jingina ta ga Joy Division, amma waƙar da aka fi ɗauka a matsayin mafarin wannan reshe ita ce Bela Lugosi's Dead ta ƙungiyar Bauhaus daga Northampton. Ta fito a Agustan 1979 ta hannun wani ƙaramin kamfani, Small Wonder, tsawonta ya haura minti tara, kuma mai kunne zai ji tasirin kiɗan dub na Jamaika a cikinta.

Kundin Bauhaus na farko, In the Flat Field, ya fito a 1980 daga 4AD, kamfanin da Ivo Watts-Russell da Peter Kent suka kafa a shekarar da jarin wani kantin faifai mai suna Beggars Banquet. 'Yan jaridar waƙa da dama sun caccaki kundin, matasa kuma suka saye shi har ya hau saman jadawalin ƙananan kamfanoni, wanda aka fara wallafawa a Janairun wannan shekara.

A Leeds aka samu The Sisters of Mercy, waɗanda na'ura ce ke musu kiɗan ganga har suka raɗa mata suna kamar mutum. Daga Grangemouth, garin matatar mai a Scotland, Cocteau Twins suka zo wa 4AD da kundin Treasure a 1984, inda mawaƙiya Elizabeth Fraser ke rera kalmomin da ko Bature ba ya iya tsinta. Abin dariyar shi ne kusan duk waɗannan ƙungiyoyi sun ƙi amincewa da sunan goth.

Magoya bayansu ne suka riƙe shi, da baƙaƙen tufafi da kwalli mai kauri. Har yau dubbai na taruwa duk shekara a Leipzig ta Jamus, a bikin da aka fara a 1992. Shigar ba ta rasa haɗari: a 2007 wasu matasa a Lancashire sun yi wa wata budurwa 'yar shekara 20 dukan da ya yi ajalinta saboda irin shigarta, kuma a 2013 'yan sandan yankin Manchester suka fara lissafa irin wannan hari cikin laifukan ƙiyayya.

Rabi da rabi

Duk wannan ba zai yiwu ba in babu hanyar kai faifai kanti. Nan ne Rough Trade ta shigo. Geoff Travis ya buɗe ta a matsayin shago a yammacin Landan a 1976, ta zama kamfani a 1978, sannan ta haɗa kai da wasu shaguna a sassan ƙasar suka kafa hanyar rarraba faifai da ba ta bi ta hannun manya ba.

Tsarinta mai sauƙi ne. A cire kuɗin da aka kashe, a raba riba biyu tsakanin kamfani da mawaƙi. Factory ma haka take yi.

Haka shi ma Daniel Miller, wanda a 1978 ya naɗi waƙoƙi biyu a gidansa da wata ƙaramar na'urar Korg, ya kafa Mute don kawai ya fitar da su. Adireshin da ya sa a bango ya jawo masa kaset-kaset daga ko'ina. Bayan shekara biyu ya haɗu da wasu samari daga Basildon mai suna Depeche Mode, suka ƙulla yarjejeniya da musafaha kawai, babu takarda, kuma a haka suka yi shekaru.

Takardar da ta hana ciniki

A Maris na 1983 New Order suka fitar da Blue Monday, wadda ta zama faifai mai inci 12 da aka fi saye a tarihin Birtaniya. Saville ya yi mata bango mai kama da faifan kwamfuta na wancan zamani, da huji-huji masu tsadar yankawa. Labarin da ya shahara shi ne kamfanin yana asarar 'yan kwabbai a kan kowane kwafi na bugun farko, domin babu wanda ya zaci za a saya da yawa.

Ribar da ta shigo kuwa akwai ramin da ke jiranta. A Mayun 1982 Factory da New Order sun buɗe gidan rawa mai suna Haçienda. Shekarun farko kusan babu kowa a ciki. Da ya cika a ƙarshen shekarun 1980, sai ya zama masu zuwa ƙwaya suke sha ba abin da gidan ke sayarwa ba, 'yan daba kuma suka mamaye ƙofar.

Kamfanin yana da wata al'ada ta ba komai lamba, ba faifai kaɗai ba. Haçienda ita ce FAC 51. Kyanwar gidan FAC 191. Lokacin da Hannett ya maka su a kotu kan kuɗi, ita ma ƙarar aka ba ta lamba, FAC 61. Wannan ya nuna irin mutanen da ke riƙe da littafin kuɗin.

A 1992 abubuwa suka haɗu. An kashe maƙudan kuɗi a sabon ofis. An tura Happy Mondays tsibirin Barbados su naɗi kundi, suka ƙarar da kuɗin a shaye-shaye. Sabon kundin New Order, wanda ake sa ran zai ceci kamfanin, ya ƙi ƙarewa.

London Records ta nuna sha'awar sayen Factory. Da lauyoyi suka zauna duba abin da za a saya, sai aka fito da wata tsohuwar takarda da Wilson ya rubuta wa Joy Division, wadda ake cewa da jininsa ya sa mata hannu. Abin da ke ciki shi ne mawaƙa ne suka mallaki komai, kamfani bai mallaki komai ba, kuma kowa na iya tafiya ranar da ya ga dama.

Ma'ana babu abin saye. London Records ta janye, ta jira, daga baya ta ɗauki New Order kai tsaye. A Nuwamban 1992 Factory ta karye, ƙananan mawaƙanta da masu binta bashi suka tashi a tutar babu.

Shekara guda kafin nan sashen rarraba faifai na Rough Trade ya rushe, ya tafi da kuɗin ƙananan kamfanoni masu yawa. A can akwai abin sayarwa, don haka aka sayar wa Warner haƙƙin kundayen The Smiths don rage bashi. Takardar Wilson ta kashe kamfaninsa, amma ta sa waƙoƙin Joy Division ba su shiga gwanjo ba.

Waɗanda suka rage

Miller ya sayar da Mute ga EMI a 2002, ya sake komawa cin gashin kansa bayan shekara takwas. Watts-Russell ya sayar da kasonsa na 4AD a 1999 ya koma zama a jihar New Mexico ta Amurka, bayan kamfanin ya fitar da kundayen Pixies da Kurt Cobain na Nirvana ya ce ya kwaikwaya. Su kuwa Neubauten tun 2002 suka koma karɓar gudunmawa kai tsaye daga magoya baya ta intanet kafin su shiga situdiyo.

Wanda ya tsira da ƙafafunsa shi ne wanda ya fi kowa kula da lissafi, Martin Mills na Beggars. A yau 4AD da Rough Trade da kamfanin Matador na New York duk suna ƙarƙashin inuwar rukuninsa.

Ta wannan ƙofa ce labarin ya taɓo yankin Sahel. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya, har suka faɗa hannun wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds. A 2021 Matador ta fitar da kundinsa Afrique Victime, sai Funeral for Justice a 2024.

Kirkley ɗin ne kuma a 2013 ya sake buga wani kaset na kiɗan na'ura da Mamman Sani ya naɗa a Yamai a 1978, shekarar da aka kafa Factory da Mute. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin wannan sauti tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, yawancinsu ba su san an taɓa tara shi a kundi ba.

A Manchester, an rufe Haçienda a 1997, aka rushe ginin aka yi gidajen haya masu tsada da ke ɗauke da sunan. Babban zauren fasaha da birnin ya buɗe a 2023 yana hannun wata cibiya mai suna Factory International, don tunawa da kamfanin.

Wilson bai ga wannan ba. Da cutar kansa ta kama shi, tsofaffin mawaƙansa da abokai ne suka haɗa masa kuɗin magani. Ya rasu a Agustan 2007 yana da shekara 57, kuma akwatin gawarsa na ɗauke da lambar kamfanin, FAC 501.